Allurar Ciko a Fuska: Ɓarnar da Take Yi da Wahalar Gyaranta

Laccar wayar da kai da aka gabatar a Safo, gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi

Masu gari, malamanmu, iyayenmu mata, abokan aikina na ɓangaren lafiya, masu gyaran amare da na ga sun zauna can gefe guda, da ku ƴaƴana ƴammata, sannunku da zuwa.

Na san akwai wanda ya ji taken laccar nan ya ce a ransa, ina ruwan Safo da allurar kwalliya? Zazzaɓin sauro ya ishe mu, tamowa ta ishe mu. Ban ƙi ta tasa ba. Sai dai hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa ta faɗa Jibiya, ta wuce Katsina har Kano, ba tumatir da atamfa kaɗai take ɗauka ba. Abin da ya shiga kasuwar Kano yau, gobe yana Maraɗi, jibi yana cikin jakar wata mai tallar kayan mata a gidan biki. Waya kuwa ba ta ma jiran mota. Yarinya tana kwance a ɗakin uwarta tana kallon TikTok, ta ga leɓe ya cika, hanci ya miƙe, kumatu sun tashi, an ce mata duk aikin minti goma ne. Ta manta rabin abin da take gani wayar ce ta gyara shi. Abin da ya fi damuna shi ne, a irin wuraren nan namu, na bogi yakan riga na gaske isowa, a hannun wadda ta koyi aikin a bidiyo. Ga shi mu mutane ne masu yarda da allura. Wanda ya je likita aka ba shi ƙwaya kaɗai yakan koma gida yana ganin ba a duba shi ba.

To mece ce allurar ciko? Wani abu ne mai kauri da ake tura shi ƙarƙashin fata ya zauna, ya cike rami ko ya tada wuri. Ba ita ce Botox ba; waccan tsoka take kwantarwa, ta sake ta bayan wata uku ko huɗu. Ciko kuwa zama yake. Wanda likitocin duniya suka fi amfani da shi yanzu sunansa hayaluronik, wani sinadari mai yauƙi da Allah ya riga ya halitta a fatarmu da gaɓoɓinmu da cikin idanunmu. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara tace shi a 1934 a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, daga ruwan idon saniya. Wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fito da shi a matsayin allura da sunan Restylane a 1996, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2003. Dalilin da ya sa ya kere sauran shi ne yana da makari, akwai maganin da ke narkar da shi. Ku riƙe wannan, don duk maganarmu ta yau a kansa take juyawa.

Kafin a kai nan an sha wuya. A 1899 wani likitan fiɗa na birnin Biyana, Robert Gersuny, ya fara tura man basilin cikin jikin mutum don cike gurbi. Nan da nan Turai ta ɗauka, aka koma kakin farafin, ana miƙe hanci ana cika kumatu. Shekaru kaɗan sai fuskoki suka fara yin ƙululu mai tauri, wasu suka fashe suka zama gyambo. Gladys Deacon, wadda ta zama matar Duke na Malboro a Ingila, ana lissafa ta cikin kyawawan zamaninta. An sa mata kakin a karan hanci tana budurwa, ya sulale ya taru a haɓarta, ta ƙare rayuwarta tana guje wa mutane. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma ruwan silikon, shi ma ya yi tasa ɓarnar har jihar Nebada ta Amurka ta haramta tura shi a nono a 1975. Ƙasar Sin ta hana wani ciko mai suna Amazingel a 2006, bayan an riga an zuba shi a jikin mata dubbai. Kowane ɗaya daga cikinsu, ranar da ya fito, an ce da mutane ba shi da illa.

Illolin ba ɗaya ba ne. Kumburi na kwana biyu ko uku, ɗan taruwar jini inda allura ta shiga, ɗan ciwo idan an taɓa, waɗannan sukan wuce da kansu, ba zan tsaya a kansu ba. Wadda zan daɗe a kanta ita ce toshewar jijiyar jini, don ita ce ba ta jira.

Fuska cike take da ƙananan jijiyoyin da ke kai jini. Akwai babba da ke hawowa ta gefen muƙamuƙi, ta ratsa kusa da kusurwar baki, ta ba leɓe rassa, ta bi gefen hanci har kusa da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu aka matsa sirinji, ciko ya shiga ya tsaya. Manoman fadamar Jiratawa sun san abin da ke faruwa idan laka ta toshe ƴar kwatar da ke kai ruwa wani fangali: na kusa suna kore shar, shi yana ƙonewa. Haka naman da jijiyar ke ciyarwa yake yi.

Bari in nuna muku yadda abin ke tafiya. A ce an yi wa yarinya allura a gefen hanci da la'asar. Nan take wurin ya ɗashe. A farar fata ana ganin wannan daga nesa, amma a irin tamu sai an sa ido, domin toka-toka yake yi, kamar wurin ya rasa maiƙonsa. Wataƙila ta ji zafi mai tsanani, wataƙila kuma ba ta ji komai ba, saboda yawancin ciko a haɗe yake da maganin kashe zafi. Mai allura ta ce ai haka yake yi, ta karɓi kuɗinta. Da dare, maganin ya sake ta, zogi ya taso, zogin da ya fi ƙarfin huda ɗaya ta allura, har a wurin da allurar ba ta taɓa ba. Da safe fatar ta yi dabbare-dabbare, baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, in an taɓa da sanyi. Wajen kwana na uku ƙananan ƙuraje masu mugunya su feso a jere. A nan ake yawan ruɗewa, a ce ƙurajen zafi ne, ko man da ta shafa ne bai karɓe ta ba. Kafin mako ya zagayo wurin ya yi baƙin ɓawo. Ranar da ɓawon ya ɓanɓare, da gefen hancin zai tafi.

Akwai ɗan gwajin da kowa zai iya yi. A danna wurin da yatsa a saki, a gwada da ɗaya gefen fuskar. Lafiyayyar fata launinta kan dawo cikin daƙiƙa biyu. In leɓe ne, a juya shi a duba cikinsa da dasashi, inda launin jini ba ya ɓuya ko a wurin baƙin mutum. In ciki ya yi fari fat ko ya yi duhu, magana ta ƙare, a nemi mota.

Mafi muni shi ne ido. Jijiyoyin goshi da na karan hanci suna haɗe da wadda ke ciyar da ƙwayar ido. In aka matsa sirinji da ƙarfi, ciko kan yi baya ya haura can, sannan jini ya turo shi cikin jijiyar gani. Mutum yana zaune sai ido ɗaya ya ɗauke. A 2015 wata likitar fata ƴar Kanada, Katie Beleznay, da abokan aikinta sun tattara labarin mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta wannan hanya a rubuce-rubucen likitoci na duniya. A 2019 suka ƙara wasu 48. Tsakanin gira da hanci ne wuraren da suka fi yawa, kuma mafi yawansu ganin bai dawo ba. Waɗannan fa su ne waɗanda likita ya gani har ya rubuta. Likitocin ido sukan ce sararin da ake da shi bai wuce awa ɗaya da rabi ba, wasu ma suna ganin bai kai haka ba. Ku auna wannan da neman kabu-kabu da dare daga ƙauye.

Sai cuta da ke shiga da ƙazanta. Allura ɗaya a bi mata biyar da ita a gidan biki, ko kwalba ɗaya a yi ta tsoma mata baki, hanya ce buɗaɗɗiya ga ciwon hanta da cutar Sida. Kada ku ce sai a ƙasar talakawa. A Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da ake kyautata zaton sun ɗauki ƙwayar Sida a wani shagon kwalliya marar lasisi a jihar Niyu Meziko, ta hanyar allurar fuska. Akwai kuma ƙwayoyin cutar da ke maƙalewa a jikin cikon su yi lamo. Bayan wata shida, ko shekara biyu, mutum ya yi mura ko ciwon haƙori, sai wurin ya tashi, ya yi ja, ya yi tauri. Da yawa ba sa ma danganta shi da tsohuwar allura.

Yanzu gyara. In hayaluronik ne na gaske, makarinsa hayaluronidas, wani sinadari da ke tsinka shi ya koma ruwa jiki ya shanye. In jijiya ce ta toshe, likita yakan cika duk yankin da ya ɗashe da shi, ya murza, ya gasa da ɗumi, ya duba ko jini ya dawo, in bai dawo ba ya sake bayan kamar awa guda, ya yi ta maimaitawa. Wanda aka kama a ranar farko yakan warke ba tabo. Wanda ya kai kwana uku, sai dai a ceci abin da ya saura. In ƙululu ne kawai ko leɓe ya karkace, ba gaggawa, a bar kumburi ya saɓe kamar mako biyu sannan a narkar a natse. Amma shi ma makarin ba abin wasa ba ne. Yana iya tada borin jini mai tsanani, musamman ga wanda harbin zuma ke kayarwa, don haka aikin asibiti ne. Kuma ba irin maganin da ake ajiyewa a ƙananan likitocinmu na karkara ba ne. Shi ya sa tambayar farko ga duk mai riƙe da sirinji ita ce: ina maganin narkarwa? Nuna mini kwalbar. Wanda ba shi da ita a ɗakin, ba shi da hurumin taɓa fuskar kowa.

In wurin ya yi mugunya, a tsotse ta a kai awo, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci na makonni. In ƙululu ne irin wanda jiki ke ginawa don ya killace baƙon abu, akan yi masa allurar kotizon kaɗan-kaɗan. A baƙar fata wannan ma yana da nasa tsadar, yakan bar farin tabo ko ya lotsar da wurin. Ina roƙon ku da Allah, kada a matse, kada a yi sakiya, kada a kafa ƙaho. Ina girmama wanzamanmu, sun daɗe suna yi wa al'umma aiki, amma wannan ba maruru ba ne. Tsaga shi ƙara wa wurin ƙwayar cuta ne, kuma fatarmu tana da saurin yin tabo mai tudu, wanda ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke.

Duk wannan idan an yi sa'a abin mai narkewa ne. In silikon ne, ko mai, ko basilin, ko wani ruwa a kwalbar da ba rubutu, babu makari a duniya. Ba ya zama wuri guda balle a ɗauke shi, ratsa nama yake yi ɗigo-ɗigo, yana kuma gangarawa da shekaru. Fitar da shi sai da wuƙa, wuƙar kuma da nama mai lafiya take tafiya, ga jijiyar da ke motsa fuska a kan hanya, in aka yanke ta baki ya karkace har abada. Sau da yawa likita ba ya iya kwashe shi duka. A Koriya ta Kudu an yi wata mawaƙiya, Han Hye-kyung, da ta fara da allurar bayan fage, ta kai ga tura wa kanta man girki a fuska. Jama'a suka tara mata kuɗi, aka yi mata fiɗa sau da yawa, fuskar ba ta koma ba har ta rasu a 2018. In kuma aka sauka daga fuska zuwa mazaunai, inda ake zuba abu da yawa, rai ake sa wa a caca. Solange Magnano, sarauniyar kyau ta Ajantina ta 1994, ta mutu a 2009 bayan allurar mazaunai, abin ya bi jini ya toshe mata huhu.

Inda nama ya riga ya mutu, sai faci. Ana iya yanko fata daga goshi a juyo ta a gina hanci, a bar ta maƙale da asalinta makonni kafin a raba, a sake komawa a daidaita. Fiɗa biyu ko uku ke nan, da jiran watanni tsakani. Mu a wannan yanki ba baƙin wannan aiki ba ne, saboda cutar Noma mai cin fuskar yara. Asibitin Noma na Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram. Ku tambayi uwar da ta yi jinyar ɗanta a can, ta faɗa muku shekara nawa ake ɗauka kafin a maido leɓe guda. Likitocin da suka iya wannan aiki ƴan ƙalilan ne, layinsu kuma dogo.

Zan ɗan ratse, don akwai abu biyu da suka riga allura shiga gidajenmu. Ɗaya man bilicin. Yawancinsa yana ɗauke da kotizon mai ƙarfi, ko haidirokinon, ko sinadarin makuri, yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito. Irin wannan fata in ta yi rauni ba ta saurin haɗewa, ɗinki ma ba ya kama ta da kyau. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015. Na biyu ƙwayar nan ta deksametazon da ake kira sha-ka-fashe, wadda ake ɗura wa amare don kumatu su ciko kafin biki. Wannan cikar ba lafiya ba ce, alamar illar maganin ce, tana tafe da hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan na iya kayar da ita. Ta zo a rage mata a hankali.

Malamai suna nan, ba zan shiga gonarsu ba. Abu ɗaya kawai zan roƙa su tabbatar wa jama'a: neman gyaran abin da ya lalace ba laifi ba ne. Sun fi ni sanin labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta bambanta tiyatar gyara lahani da ta canza halitta don son rai. Na kawo wannan ne saboda abin da ke cinye fuskar yarinya a nan kunya ce. Ta yi a ɓoye, da kuɗin adashinta, ko don ta ji za a yi mata kishiya. Abu ya ɓaci, ta ja mayafi ta rufe, ta ce haƙori ne. Tana tsoron uba, tana tsoron miji, tana tsoron bakin unguwa, awowin da za a cece ta suna ta wucewa. Iyaye, in kun gano, a kai ta likita tukuna, faɗa ya jira. Ku kuma maza, wanda ke zaune yana nuna wa matarsa hotunan matan waya yana gwada ta da su, da hannunsa a cikin wannan ciwo. Mu ma ma'aikata, wadda aka yi wa tsawa a bakin ƙofa ba za ta faɗi gaskiyar abin da aka sa mata ba, mu kuwa ba mu iya magani sai da gaskiyar.

Ƙasashen da suka fi mu likitoci ma ɗaure abin suke yi. Ingila ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba allurar ciko tun Oktoban 2021. A wannan watan na Oktoban 2021 ne hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani abu mai kamar alƙalami da ke harba ciko ba tare da allura ba. Masu talla suna cewa ba haɗari tunda ba tsini, alhali yana toshe jijiya kamar kowane. Faransa, tun Yulin 2024, ba a sayar da hayaluronik na allura sai da takardar likita. Ku masu gyaran amare, dilka da halawa da lalle da turare sana'arku ce, kun gaje ta, ba mai raba ku da ita. Duk abin da zai huda fata ya wuce iyakarku, ko da an ba ku takardar shaida bayan horon kwana uku.

Wadda aka riga aka yi wa, ko shekara nawa ke nan, ta nemi sanin sunan abin da ranar da aka yi, ta faɗa wa likita duk sanda za a yi mata aikin haƙori ko na fuska. In sabuwa ce kuma aka ga zogi mai ƙaruwa, ko launi ya sauya, ko gani ya dushe, ko fatar ido ta faɗo, ko zazzaɓi da kumburi mai zafi, a tafi a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. A ɗauki kwalin da sirinjin in suna nan, a ɗauki hoton wurin da waya don a ga yadda yake sauyawa, a riƙe lambar wadda ta yi allurar. Abokan aikina na likitocin karkara, irin wannan ba ta kwanciya a wurinku ana gwada maganin shafawa. Ku rubuta lokacin da aka yi allurar a kan takardar turawa, ku kira Maraɗi tun tana hanya, in ido ne ku ce ido ne don a nemo likitansa kafin ta iso.

Na ga hannuwa sun fara tashi. Za mu fara da iyayenmu mata. Wadda tambayarta ba ta cikin taro ba ce, ina nan bayan an tashi, a ɗakin da ke gefe.